Tsohuwar da Ke Cikin Kwalbar Zuma

Valdivia, 11 ga Maris, 2013

Yaya Uberlinda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙugun naki? Ina fata kina taka shi kullum kamar yadda likita ya ce, ba kina zaune a kujera kina aiken 'yarki Sonia ba. Ki gaishe ta, ita da maigidanta da yaran. Kada ki ce me ya hana ni bugo waya. Ke kin san kunnenki, rabin hirarmu "me kika ce?" ne, gara in zauna in rubuta abina.

Na iso gida lafiya ranar Talata. Wata ukun da na yi ina jinyarki a Punta Arenas iskar garinku ta kusa ɗauke ni, don haka da na sauka cikin yayyafinmu har daɗi na ji. Komadre Gladys ta riga ta buɗe tagogi, ta hura murhu, ta ajiye mini burodi mai zafi a kan tebur. Shekara talatin da ɗaya muna katanga ɗaya da matar nan. Ni na riƙe ɗanta Mauricio a coci ranar baftismarsa, shi ya sa muke ce wa juna komadre, ita kuma ta riƙe ni ranar da aka binne maigidana Arnoldo. Ko takalmi ban cire ba ta shigo rungume da kwalbar zuma, ta ce, "Ga tsohuwarki nan, komadre, ta fi ni cin abinci." Har wanke mini kwalbar ta yi, abin da ke ciki ya yi fari tas.

Na san kin yi tsaki. A can kin sha cewa na fi tambayar kwalba a kan tambayar gida. To yau sai kin ji labarinta, tunda a takarda ba ki da damar katse ni.

Lokacin da Arnoldo, Allah ya jiƙansa, ya ajiye aikin walda a wurin gyaran jiragen ruwa, sai ya zame mini ƙarfen ƙafa a kicin. Mutumin da bai taɓa soya ƙwai ba shi ne yake koya mini yankan albasa. Ran nan na ce masa, "Ko ka nemi abin yi, ko in nema maka inda za ka riƙa wuni." Sati bai zagayo ba ya shigo da wasu takardu da abokin aikinsa ya kwafo masa na yadda ake dafa giya a gida, da buhun tsiron sha'ir, ya kuma sauke babbar tukunyata ta biki ko izini bai nema ba. Ta farko ta fito kamar ruwan da aka wanke safa. Ya shanye kofi biyu yana murmushin dole, wai ɗacin na masu ilimi ne. Ta biyu ya cika mata sukari, ya ɓoye kwalaben a ƙasan kabad ɗin kayana don can ya fi duhu, suka farfashe ranar Lahadi da safe. Haka na tafi coci ina wari, matar da ke gefena ta matsa.

Abin da ke mayar da ruwan tsiro ya zama giya yis ne, dangin wanda ke tayar da burodi. Kowa na sayen nasa a fakiti, shi ma haka ya fara. Sai aka sayar da gonar mahaifinsa ta Máfil, ya je kwashe tarkace, ya tarar da tsohuwar gangar da baban yake tsima ruwan tuffa a ciki. Ya kankaro dusar ƙasanta ya zuba a kwalbar zuma. Shekara biyu yana fama da ita, yana ciyar da ita, yana zubar da bokiti bayan bokiti, kafin ta yarda ta ba shi giya. Amma da ta ba shi, Yaya, babu irinta a garin nan. Ƙamshin tuffa ne da ta nuna a ɗaki, da ɗan kanumfari a bayansa. Shi ya sa mata suna Tsohuwa, wai don ba ta son a gaggauta mata. Duk sati uku sai an tsiyaye ruwan samanta an ba ta sabon ruwan tsiro mai zaƙi, in ba haka ba ta mutu. Gangar kuwa masu gonar sun faskara ta sun hura wuta. Wadda ke firjina ita kaɗai ce a duniya.

Ni wanke kwalabe ne nawa, ina yi ina mita. Da hannunsa ya fara rawa na karɓi muciyar, daga nan ban sake ajiyewa ba. Ban taɓa gaya masa ina jin daɗin aikin ba, kada kansa ya kumbura.

Kin san rowarsa. 'Yan ƙungiyarmu ta masu dafawa a gida sun roƙe shi cokali ɗaya har sun gaji. Amma a asibiti, saura kwana huɗu, ya ce mini, "Nolfa, idan na cika shekara da rasuwa ki raba musu Tsohuwa. Rowar ta isa haka." A watan Mayu zan cika masa wannan. Gladys kaɗai na gaya wa, tun kafin in taho wurinki.

Ki sha maganinki. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarki,
Nolfa


Valdivia, 20 ga Yuni, 2013

Yaya Uberlinda,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gida. Na ga takardarki, na ji daɗi da kika ce kin ajiye sanda ɗaya. Nan ruwa ne ba dare ba rana, itacen ma da ƙyar yake kamawa.

An yi rabon. Asabar ta farko a Mayu muka taru a garejin Don Heriberto, tsohon likitan haƙorin da ke shugabantar ƙungiya. Mu goma sha uku ne. Al'adarmu ce duk wanda zai karɓi yis daga hannun wani sai ya tsaya ya faɗi yadda aka yi ya fara, ana yi masa ihu idan ya ƙara gishiri. Don Heriberto ya ce 'yarsa ce ta saya masa kayan dafawa don ya daina kiranta sau biyar a rana. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ita mijinta ne ya ce mace ba za ta iya ba, yanzu shi ke wanke mata tukunya. Wani direban bas ya ce ya fara ne don ya daina sha da yawa, aka ce masa, "To yaushe za ka fara dainawar?" Gladys ta ce ita leƙe ne ya kai ta, ta kan katanga. Mun yi dariya har da hawaye.

Sannan na tashi na faɗi maganar Arnoldo ta asibiti. Gladys ta dafa mini baya. Ita ta riƙe mini mazurari muka cika ƙananan kwalabe goma sha biyu, kowa ya karɓa da hannu biyu. Don Heriberto har hula ya cire. Na dawo gida zuciyata wasai, na ce yau na sauke nauyi.

Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa daban ne. Yaya, giyata ta lalace. Ba tsami ta yi ba, ba wari ba. Tana fitowa garau, da kumfarta, kowa ya sha sai ya ce ta yi. Amma ba ita ba ce. Ƙamshin tuffan nan ya tafi. Sau uku ke nan ina dafawa tun dawowata. Na canja tsiro, na canja lupulo, furen nan da ke ba ta ɗaci, na sayi sabon ma'aunin zafi, na tafasa ruwa na tace. Na ɗauko littafin Arnoldo na bi shi layi-layi kamar 'yar makaranta. Da na buɗe kwalba sai in ji giya kawai, irin wadda kowa zai iya yi.

Da farko na zargi ruwan famfo, daga baya na koma zargin kaina. Na ce ashe duk shekarun nan hannunsa ne, ni 'yar rakiya ce. Na gaya wa Gladys ina kuka. Ta ce, "Komadre, bakinki ne. Baƙin ciki yana kashe ɗanɗano, haka aka yi wa innata. Ni da na sha, Arnoldo na ji sak." Ta matsa mini sai na ga likita, ta raka ni da kanta, ta riƙe mini jaka awa biyu a kan benci. Likita ya leƙa hanci, ya leƙa maƙogwaro, ya ce shekaru ne, in rage gishiri.

Na yarda. Amma ba zan ɓoye miki ba, abin ya fi mini ciwo a kan ranar da na kwashe kayansa daga kabad. Da, idan na buɗe kwalba da yamma, sai in ji kamar yana gareji zai shigo yanzu. Yanzu kowa yana jinsa ban da ni. Ina ci gaba da ciyar da Tsohuwa duk sati uku, don ba laifinta ba ne.

Ki sa ni a addu'a. Gaisuwa ga Sonia.

Taki,
Nolfa


Valdivia, 10 ga Nuwamba, 2013

Yaya Uberlinda,

Ina fata kina lafiya. Ki yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa.

Kin tuna na gaya miki Mauricio ya bar aikin banki zai buɗe ɗan gidan giya da abokansa biyu a bakin kogi? Jiya Asabar da rana aka buɗe. Tun farkon sati Gladys take ce mini kada in wahalar da kaina, hayaniyar matasa ce, babu wurin zama, ga ƙafata. Na ce to. Amma a raina na ce yaron da na riƙe a coci zai buɗe sana'a in zauna a gida? Na naɗe muciyar Arnoldo, wadda ya sassaƙa da hannunsa, na ɗaura mata jan ƙyalle, na hau bas.

Da Gladys ta hango ni sai fuskarta ta canja, na ɗauka gajiya ce. Ta taho da sauri da kofin lemo, ta ce, "Ungo wannan, komadre, tunda bakin bai dawo ba kada ki ɓata cikinki." Na miƙa wa Mauricio kyautarsa, ya sumbaci goshina, ya ce, "Madrina, uwata ta baftisma, kin gama mini komai," ya jingine ta a bayan kanta. Ina tsaye da lemona sai wata mai rabon kofuna ta zo wucewa, na ce bari dai in taɓa don albarka.

Ban kai ga sha ba. Kofin yana isowa hancina na ji shi. Tuffa da ta nuna a ɗaki, kanumfari a bayanta. Abin da ya fara zuwa mini farin ciki ne, na ce Allah na gode, bakina ya dawo. Na juya in gaya wa Gladys. Sai na ga yadda take kallon kofin da ke hannuna, ta yi tsuru-tsuru, lemon da ta karɓa tana riƙe mini yana zuba a kan takalminta ba ta sani ba. A nan na gane bakina bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Ban gama dawowa hayyacina ba Mauricio ya hau kan akwati ya buga cokali a kofi. Aka yi shiru. Ya ce zai faɗi yadda aka yi ya fara. Wai kakansa yana da gonar tuffa a Máfil, wai da aka sayar ya je kwashe tarkace ya tarar da tsohuwar ganga, ya kankaro dusar ƙasanta a kwalba, ya yi shekara biyu yana fama da ita. Har da cewa ba ta son a gaggauta mata. Kakansa! Na san kakannin yaron nan duka biyu. Ɗaya masunci ne a Corral, ɗaya kuma tela, babu wanda ya taɓa mallakar ko reshen tuffa a cikinsu. A kicin ɗina ya ji labarin nan, yana zaune yana cin abincina, Arnoldo yana ba shi. Aka tafa masa. Na duba na ga Don Heriberto a cikin mutane, muka haɗa ido, ya sunkuyar da kai.

Ban yi ihu ba, kin san ba halina ba ne a cikin jama'a. Na shanye kofin tas, don na mijina ne. Na zagaya bayan kanta na ɗauki muciyata. Wani daga cikin abokan nasa ya ce, "Señora, nan ba a shiga." Na ce masa, "Matsa, ɗan nan, kafin in gwada ta a kanka." Ya matsa. Gladys ta biyo ni har bakin titi tana "komadre, komadre," ban waiwaya ba.

Da na iso gida na buɗe firji na ɗauko kwalbar zuma na shinshina. Wata takwas ina ciyar da wannan abu, ina yi masa magana. Wata takwas ina tsammanin na tsufa, na lalace, na rasa shi karo na biyu saboda laifin jikina. An ci amanata, Yaya, kuma ba baƙo ne ya ci ba.

Zan sake rubutowa idan na iya.

Nolfa


Valdivia, 26 ga Nuwamba, 2013

Yaya Uberlinda,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da takardarki, ko da yake shawarar da kika ba ni game da muciyar za ta kai ni gidan yari. Ina cin abinci, kada ki damu. Yaya ƙafa, yaya yaran?

Ranar Litinin da ta biyo bayan buɗe wurin, da safe, Gladys ta zo. Ba ta shigo ta ƙofar baya yadda ta saba ba, ƙwanƙwasa ta gaba ta yi. Na bar ta a tsaye a falo. Ga abin da ta faɗa. Sati biyu da tafiyata, suna cin abinci, bakinta ya suɓuce ta gaya wa Mauricio zan raba Tsohuwa a Mayu. Washegari ya zo ya ce ta ara masa kwalbar kwana uku, zai ɗebi kaɗan ya dawo da ita. Ta ba shi. Kwana uku suka zama sati uku. Da ta matsa masa ya dawo mata da kwalbar a wanke, babu komai ciki, ya ce, "Mama, idan ta raba wa mutum goma sha biyu, ni me zan sayar? Duk abin da muka gina a kan ɗanɗanon nan yake." Ta yi kuka, ta yi faɗa, ya yi mirsisi. Da ta ga ranar dawowata ta matso, ta je shago ta sayi fakiti, ta tayar da shi a ruwan tsiro, ta zuba mini a kwalbata.

Kin ga abin da ya fi ƙona mini rai? Yis haihuwa yake yi. Cokali ɗaya ka ba shi abinci, kafin sati ya cika kwalba. Da yaron nan ya zo ya ce, "Madrina, ki ɗiba mini," da na ba shi kafin kowa, har da littafin. Ba samu yake so ba, so yake kowa ya rasa, har da ni.

Na ce mata, "Na ji ta ara, na ji ta fakiti, tsoro ne. Amma asibiti fa, Gladys? Kika zauna kusa da ni kina riƙe mini jaka, kina kallo ana leƙa mini hanci, alhali kin san lafiyata ƙalau?" Ta ce, "Na rasa ta inda zan fara ne. Kullum sai in ce gobe." Na ce, "Kika riƙe mini mazurari, ina ambaton sunan mamaci, muna zuba wa mutane ƙarya?" Ta fashe da kuka ta ce, "Ɗana ne, komadre." Na ce, "Na sani, ni na riƙe miki shi. Ni kuma wace ce?" Ban jira amsarta ba, na buɗe mata ƙofa.

Shi gogan sai ranar Laraba ya zo, da fure a hannu. Ya ce, "Haba madrina, yis ne fa kawai, a iska ma akwai shi, ba shi da mai shi." Wai idan ina so zai sa sunan Arnoldo a jikin kwalba, a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Na ce masa ya bar wa kakansa mai gonar tuffa wurin. Na ce ya dawo mini da abina. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, sai ya yi shawara da abokansa. Na mayar masa da furensa, na ce ya kai musu su yi shawarar tare.

Mafi wuya shi ne 'yan ƙungiya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaya musu abin da na ba su na shago ne. Kunya kamar in nutse. Ma'aikaciyar jinyar nan ta rungume ni. Don Heriberto kuwa ya ce tun watan Yuli ya yi zargi, don ya san ɗanɗanon fakitin nan, amma ya ga yadda nake murna da rabon sai ya kasa magana. Na ce masa na gode da tausayi, ya kusa kashe ni.

To jiya da sassafe na buɗe ƙofa zan debo itace, sai ga Gladys a tsaye cikin yayyafi, da kwalba a cikin rigar sanyinta. Ita ke share musu wurin ranar Lahadi, tana da makulli. Ta shiga ɗakin sanyinsu ta ɗebo. Ta ce, "Ita ce, na rantse da kabarin uwata. Mauricio ya gane, ya ce kada in sake taka masa wuri, kuma kada in kira shi." Idanunta sun kumbura. Na san abin da wannan ya ci mata, yaron nan shi kaɗai gare ta.

Na karɓa. Na so in ce ta shigo ta sha shayi, bakina ya ƙi. Ina rufe ƙofa na tsaya da kwalbar a hannu, na ga fara ce, waccan ma fara ce. Ido ba ya bambancewa. Sai na dafa, na jira sati biyar, sannan in san ko gaskiya ta faɗa. Yau na jiƙa tsiro.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Nolfa


Valdivia, 8 ga Janairu, 2014

Yaya Uberlinda,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya maimaita mana cikin lafiya. Na ga hoton da Sonia ta sako, kin tsaya da ƙafarki babu sanda, har kin yi ƙiba. Ki gaishe su duka.

Ita ce, Yaya. Ranar Alhamis na buɗe kwalba ta farko, ni kaɗai a gareji da rana tsaka. Tun kafin in zuba ƙamshin ya cika wurin. Na zauna a kan akwatinsa na kayan aiki na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza. Ranar Asabar na kai wa 'yan ƙungiya, na gaske wannan karon, na ce kowa ya ba duk wanda ya roƙa. Na cika wa Arnoldo maganarsa, ko da an makara. Mauricio yana can yana sayar da tasa, har yau bai kira uwarsa ba, ko ranar Kirsimeti.

Na aika wa Gladys kwalba biyu ta kan katanga, da 'yar takarda cewa gaskiya ta faɗa. Na yi ta gaya wa kaina an gama. Ta yi kuskure, ta gyara, ta rasa ɗanta a kan gyaran. Me kuma nake nema? Na je coci na ce na yafe, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Shekaranjiya aka yi ruwa, sai ga ta ta ƙofar baya da kwanon sopaipiya masu zafi, fanken nan namu, rufe da tsumma, kamar yadda take kawo mini duk ranar ruwa tun muna da ƙuruciya. Na ce ta zauna, na ɗora ruwan shayi. Muka yi hirar tsadar itace, da maƙwabcin da karensa ya dame mu. Har dariya muka yi sau ɗaya. Ta tura mini kwanon ta ce, "Ci tun da zafi, komadre."

Na ɗauki guda. Ban san lokacin da na raba ta biyu ba, na duba cikinta, na kai hanci na shinshina. Ban yi niyya ba, Allah ya sani, hannuna ne ya yi da kansa. Da na ɗago ido tana kallona. Ta shanye shayinta, ta naɗe tsummanta, ta ce ta bar wake a wuta. Na ce ta gaida gida, kamar gidan ba bayan katangata yake ba.

Na cinye sopaipiyar bayan ta fita, lafiyarsu ƙalau, da daɗi kamar kullum. Na wanke kwanon, yana nan a kan tebur kwana biyu, na kasa miƙa mata.

Ki kula da kanki, ki rubuto mini da wuri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Nolfa Cárcamo